Zazzaɓi da kuka bayan allurar rigakafi: wanne ake jinya a gida, wanne ake komawa likita da shi

Jaririn da aka haifa a Maraɗi bana yana karɓar allurai da ɗigon baki fiye da waɗanda uwarsa ta karɓa lokacin da take goye. A 2008 Nijar ta shigar da allurar Penta mai kare cututtuka biyar. A 2014 aka ƙara ta ciwon huhu da ɗigon zawon rota, a 2015 aka ƙara allurar shan-inna a kan ɗigon da aka saba. Ta sanƙarau, wadda aka fara yi wa jama'a a Nijar da Mali da Burkina Faso a ƙarshen 2010, ita ma daga baya ta shiga jadawalin jarirai. A Satumban 2024 kuma aka ƙaddamar da ta zazzaɓin cizon sauro a Gaya, cikin jihar Doso.

Shi ya sa ranar awo guda yaro kan sha allura biyu ko uku a cinya, ga ɗigo a baki. Da dare jiki ya yi zafi, cinya ta kumbura, kuka ya hana gida barci. Kaka ta ce su a zamaninsu lamba ɗaya suka sani, maigida ya ce ba za a sake kai masa ɗa lafiyayye a dawo da shi da ciwo ba. Tambayar da ke tsakiyar wannan gardama, wato ko na allura ne mai wucewa ko na komawa likita, ba ta da wuyar amsa idan an san abu uku: wace allura aka yi, yaushe alamar ta fito, kwana nawa ta yi.

Abin da ma'aikata ke kira MAPI

A takardun ma'aikatar lafiya, duk wani abu da ya samu yaro bayan rigakafi ana rubuta shi da taƙaitaccen sunan Faransanci, MAPI. Rubuta shi ba ya nufin an tabbatar allurar ce ta jawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa irin waɗannan abubuwa gida biyar: wanda maganin kansa ke kawowa, wanda ya taso daga matsala wajen ƙera shi, wanda kuskuren ajiya ko na yin allurar ya jawo, wanda tsoron allura ya haifar, da wanda ya faɗo kawai a lokaci guda ba tare da wata alaƙa ba. A jarirai, na farko da na uku da na biyar su ne abin lura.

Na farkon shi ne mafi yawa, kuma mafi sauƙi. Abin da ke cikin kwalbar ƙwayar cuta ce da aka kashe, ko aka raunana, ko wani ɓangare nata. Jiki yana ganinta sai ya tura jini da ƙwayoyin garkuwa wurin, shi ne ja da kumburi da zafin taɓawa. Sinadaran da waɗannan ƙwayoyi ke saki su ne ke isa ƙwaƙwalwa su ɗaga zafin jiki. To amma yaron da bai yi zazzaɓi ba, kada a ce allurar ba ta kama shi ba. Yara da yawa suna samun cikakkiyar kariya ba tare da jikinsu ya ko ɗumama ba.

Kowace allura da lokacinta

BCG, ta tarin fuka, ita ce ake yi a hannu ranar haihuwa ko kwanaki kaɗan bayanta, kuma ita ce mai jinkiri. Mako biyu zuwa huɗu babu abin gani, sannan wani ɗan ƙurji ya fito, ya fashe, ya yi ɗan ruwa, ya bushe, wani lokaci ya sake fashewa. Kafin ya warke ya bar tabo yakan ɗauki wata biyu zuwa biyar. Wannan duka hanyarta ce, fiye da yara tara cikin goma haka suke yi. Ba a matsa shi, ba a barbaɗa masa garin kafso ko toka, ba a ɗaure shi. Ruwa mai tsabta ya ishe shi. Ƴar kaluluwa a hammatar wannan hannun ma takan fito ta baje da kanta. Idan ta girma, ta yi laushi kamar za ta fashe, ma'aikacin lafiya ake nuna wa, ba wanzami ba.

Penta ita ce uwar ƙorafi. Ana yin ta a mako 6 da 10 da 14, tana kare mashaƙo, tarin shiƙa, dahi, ciwon hanta nau'in B, da ƙwayar Hib mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. Ɓangaren tarin shiƙar da ke cikinta cikakkiyar ƙwaya ce da aka kashe, kuma shi ne ke tayar da jiki. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, har kusan rabin yaran da aka yi wa irinta suna iya yin zazzaɓi, ko kumburin wurin, ko rigima da ƙin nono. Abin yakan fara cikin sa'o'i kaɗan, ya yi ƙarfi a daren farko, ya lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wani ƙullutu mai tauri marar zafi kan rage a cinyar har makonni, shi ma yana narkewa da kansa. Ƙasashe masu arziki sun koma wani nau'i mai ɓangarorin ƙwayar kawai, wanda bai cika kawo zazzaɓi ba, sai dai an gano kariyarsa ta fi saurin raguwa, har hukumar ta shawarci ƙasashen da ke amfani da tsohon nau'in su ci gaba da shi.

Akwai wani abu da ke ƙara wa Penta ta farko nauyi a ƙasar Hausa. Mako shida kwana 42 ne, wato daidai fita arba'in. Mai jego ta gama wanka, ana yawon arba'in gida-gida, ana karɓar yaro hannu-hannu, wata ma tana shirin komawa ɗakinta daga gidan iyaye. Jaririn da ke da cinya mai tsami a irin wannan rana dole kukansa ya ninka. Goyo ma yana da nasa: ƙafafu a buɗe, majanyi ya ɗaure daidai wurin allurar. Sassauta ɗaurin, ko rungumar yaro a ƙirji na kwana ɗaya, yana rage kukan da ake ɗora wa maganin.

Allurar ciwon huhu da ta shan-inna ba su cika wuce ɗan zafi da tsamin wuri ba. Ɗigon rota kan kawo ɗan sakin ciki ko tumbuɗi. Abin da likitoci ke sa wa ido a kansa shi ne shigewar hanji cikin hanji, wanda a wasu ƙasashe aka gani a tsakanin yaro 1 zuwa 6 cikin 100,000, galibi a makon farko. Jihar Maraɗi tana da hannu a binciken wannan rigakafi: daga 2014 cibiyar bincike ta Epicentre, ta ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, ta gwada wani ɗigon rota mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500 a yankin Madarunfa. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna ya rage zawo mai tsanani na rota da kusan kashi biyu cikin uku, kuma ba a tabbatar da shigewar hanji a ko yaro ɗaya ba.

Ta dusa, wadda wasu ke kira ƙyanda, ana yin ta a wata tara tare da ta shawara da ta sanƙarau, a maimaita ta dusar a shekara ta biyu. Ita ce mai ruɗa iyaye, domin ranar da aka yi ta lafiya lau ake kwana. Sai bayan kwana 6 zuwa 12 yara 5 zuwa 15 cikin ɗari su yi zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, kaɗan daga ciki su feso da ƙananan ƙuraje. A lokacin an manta da allura, sai a ce yaro ya kamu da dusa duk da lamba. Ba dusa ba ce, kuma ba ya harbin sauran yaran gida.

Idan zazzaɓin ba na allura ba ne

Nan ne haɗarin ya fi yawa, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro yana cika asibitocin Maraɗi da Madarunfa da Gidan Rumji da Tasawa. Cikin dubban yaran da ake yi wa allura kowane mako a wannan lokaci, dole a samu waɗanda ƙwayar cutar ta riga ta shiga jininsu kafin su zo awo. Idan zazzaɓinsu ya tashi washegari, kowa allura zai zarga. Illar wannan zargi biyu ce: a ɓata wa rigakafi suna, sannan a zauna a gida ana cewa "ai na allura ne, zai wuce", alhali cutar da ke iya kashe yaro cikin kwana biyu tana cin sa.

Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne na lokaci. Zazzaɓin Penta ba ya fara a rana ta huɗu, kuma ba ya wuce sa'o'i 48 yana ƙaruwa. Wanda ya saɓa wa haka yana buƙatar gwajin jini na ɗan yatsa, wanda ake yi a CSI, wato ƙaramin asibiti, cikin mintuna kaɗan. Hatta yaron da ya karɓi sabuwar allurar cizon sauro bai tsira daga gwaji ba, domin rage cutar take yi, ba ta toshe ta gaba ɗaya. Haka kuma ƙwayoyin da ake rabawa gida-gida da damina ga yara masu wata 3 zuwa 59 magani ne na sha, ba allurar rigakafi ba, kuma aman da wasu yara ke yi bayan shan su daban yake da abin da ake magana a nan.

Kuskuren hannu ma yana faruwa. Maruru mai mugunya a wurin allura ba aikin maganin ba ne, alama ce ta ƙazanta ko allurar da ba ta shiga inda ya dace ba. Don haka ne ake amfani da sirinjin da ke toshewa bayan amfani ɗaya, kuma kwalbar BCG ko ta dusa da aka dama ake zubar da ita bayan sa'o'i shida. Tsoron da manya ke yi cewa allura na shanye ƙafar yaro yana da tushe: allurar kinin a ɗuwawu ta gurgunta yara da dama a ƙasashen nan ta hanyar taɓa babbar jijiyar ƙafa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake yi wa jarirai rigakafi a gefen cinya, nesa da jijiyar.

Rarrashi tun a gaban ma'aikaciya

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsayarta kan rage zafin allura, kuma yawancin abin da ta faɗa ba ya cin ko dala. Uwa ko mai reno ta kasance a wurin, ta riƙe yaron a jikinta maimakon a shimfiɗa shi a tebur. A ba shi nono daf da allurar, ko ma yana cikin tsotso a yi ta. Zaƙin nono da tsotson da ɗumin jikin uwa suna rage tsawon kukan, kuma tsoron cewa zai ƙware bai tabbata a binciken da aka yi ba. A fara ba da ɗigon rota, domin yana da zaƙi, sannan allurai su biyo, mafi zafin a ƙarshe. Hukumar ba ta goyi bayan ɗumama maganin ba, ko murza wurin, ko ba da maganin kashe zafi kafin allura.

A aikace akwai abin da ke hana wannan. Layi ya yi tsawo, ma'aikaciya ɗaya ce, tana kiran "mai bi!" kafin wadda ke gabanta ta gyara zane. Ga kuma kunyar ɗan fari: yarinyar da ta yi haihuwar farko ba za ta so a gan ta tana lallashin ɗanta ko tana ba shi nono a gaban surukarta ba, sai kaka ta karɓe shi, uwar ta kau da kai. Al'ada ce mai daraja a wurin masu ita, sai dai a wannan minti biyun yaro nono yake buƙata, kuma kalma ɗaya daga kakar, "karɓi, ba shi ya sha", ta isa ta ɗage kunyar. Uwa na iya cewa "Malama, bari in sa masa nono tukuna", wannan ba rashin ladabi ba ne.

Ga yaran da suka fara wayo, masu karɓar dusa ta biyu, abin da ke aiki shi ne ɗauke hankali da waƙa ko wasa ko wani abu a hannu. Uwar da ke ce wa yaro "ka yi shiru ko in kira likita ya yi maka allura" a gida, ita ce za ta sha kokawa da shi ranar awo.

Jinyar gida da gardamar parasetamol

Yaron da jikinsa ya yi zafi nono yake so akai-akai. In bai kai wata shida ba, ba a ƙara masa ruwa ko bauri ko rubutu, ko da ana zafin Afirilu, domin nonon ya ƙunshi ruwan da yake buƙata, ruwan randa kuma na iya kawo zawon da za a sake ɗora wa allura. Zuma ba ta shiga bakin yaron da bai cika shekara ba. A rage masa kaya, a kwantar da shi inda iska ke shiga, a cikin gidan sauro. Wanka ba laifi, da ruwa mai ɗan ɗumi, ba na sanyi ba. A wurin kumburi, tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya wadatar. Gashi da ruwan zafi, da shafa man zafi, da murzawa don "maganin ya baje" ƙara tsami suke yi, kuma fatar jariri ba ta jure su.

Kan parasetamol ra'ayi biyu ne. Wasu ma'aikata da iyaye suna ba da shi da zarar an dawo gida, hujjarsu ita ce yana hana zazzaɓin dare, kuma uwar da ta yi barci ita ce ke dawowa allura ta gaba. Wannan hujja ba ta banza ba ce. A ɗaya ɓangaren, wani bincike da aka yi a Jamhuriyar Cek aka buga a 2009 ya nuna cewa ba da shi tun kafin zazzaɓi ya zo yana rage zazzaɓin, amma kuma yana rage yawan garkuwar da jiki ke haɗawa. Ingila tana ba da shi da gangan tare da wata allurar sanƙarau nau'in B, wadda ba ta cikin jadawalin Nijar. Matsayar da ta fi rinjaye ita ce a jira: idan zafi ya zo kuma yaro yana wahala, a ba shi.

Inda babu gardama shi ne awon. Miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo na nauyin yaro, duk sa'o'i shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Jariri mai kilo 5 ke nan miligiram 50 zuwa 75. Ƙwayar manya 500 ce, ko an raba ta huɗu kashi ɗaya 125 ne, kusan ninki biyu na abin da ya dace, kuma yawansa hanta yake lalatawa. Siro ma ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, saboda haka wanda ya auna yaron shi ya kamata ya nuna iyakar cokalin. Asfirin ba na yara ba ne. Siron masu talla a faranti ko na bakin kasuwa kuwa, tarihinsa ya isa gargaɗi: gurɓataccen siron haƙori ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009, na tari kuma ya kashe kusan 70 a Gambiya a 2022.

Alamomin da ba a kwana da su

Kumburin fuska ko leɓe, borin jini a duk jiki, numfashi da ƙyar cikin mintuna bayan allura, su ne mafi gaggawa. Kusan sau ɗaya cikin allura miliyan ake ganin haka, kuma akwai maganinsa a wurin, shi ya sa ake cewa a zauna minti 15 zuwa 30 kafin a tafi. Masu gaggawar kama motar kasuwa su ne suka fi tsallake wannan zama.

A gida kuma: kuka mai ƙara da ya kai sa'o'i uku ba tsayawa, yaro ya saki jiki ya yi fari ba ya amsawa, ya ƙi nono sam, yana aman duk abin da ya sha, kashi da jini tare da kukan murɗa yana naɗe ƙafafu, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu, ko zafin da ya kai digiri 39. Jaririn da bai cika wata biyu ba an fi tsananta masa, digiri 38 ma ya isa a kai shi a duba, ko da jiya aka yi masa Penta. Idan jijjiga ta zo, a kwantar da shi a gefe, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa komai, kada a turara masa hayaƙi. Yawancin jijjigar zazzaɓi tana tsayawa cikin mintuna kaɗan ba ta barin lahani, amma sanƙarau da zazzaɓin sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ma haka suke farawa, kuma ido ba ya bambanta su. Tofi da addu'a ba su hana tafiya likita, a hanya ma ana yin su.

Masu shakka, da abin da shakkar ke jawowa

Ƙin rigakafi a wannan yanki ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a. Maganin jinya ne, ba rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da ɗigon shan-inna bisa zargin yana hana haihuwa. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba, cutar kuwa ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna.

Akwai kuma ƙorafin da ba na jita-jita ba. Uba zai ce ana bin sa har gida da ɗigo kyauta, amma ranar da zazzaɓi ya kama yaron, duk da dokar 2006 ta kula da ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, wani lokaci takardar sayen magani ake miƙa masa. Uwa za ta ce ba wanda ya gaya mata cinyar za ta kumbura. Ma'aikata su ma suna da tasu amsar, ta ƙarancin hannu da yawan jama'a. Abin da ba a musu a kai shi ne sakamakon: yaron da ya sha Penta ɗaya aka fasa sauran bai samu cikakkiyar kariya ba. Ɓarkewar mashaƙo a Kano, da wadda ta biyo a yankin Matamai na jihar Damagaram a 2023, ta fi cin yaran da ba su yi allura ba ko ba su kammala ba.

Ga iyalin da suka tsaya a tsakiya, ba a sake farawa daga farko komai tsawon jinkirin, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Mura, ɗan tari, zawo marar tsanani ko tamowa ba sa hana allura, mai tamowa ma shi ya fi buƙatarta, domin dusa ta fi yi masa illa. Abin da ke sa a dakata shi ne ciwo mai tsanani da ya kai ga kwanciya asibiti, ko wani mummunan abu da ya biyo allurar baya, kamar jijjiga ko suma cikin kwana uku, ko kumburin fuska. Wannan dole a faɗa wa ma'aikaci kafin ya buɗe kwalba, ya rubuta a karne, wato katin allurar yaro. Iyalan da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya da Katsina, waɗanda yaransu kan karɓi wata allura a can wata a nan, su riƙa tafiya da katunan biyu, domin jadawalin ƙasashen bai zo ɗaya a komai ba, kuma da su ne ma'aikaci zai gane abin da aka yi da wanda ya rage.